Ƙasar da ake ɗiba a ramin Chimayo

Tun daren Alhamis ake fara ganinsu a gefen babbar hanyar da ta fita daga Santa Fe ta nufi arewa. Wasu riƙe da tocila, wasu da sanda, wasu sun saɓa gicciyen katako da ya fi su tsawo. Ga tsoho yana takawa a hankali, ga uwa tana tura keken jariri, ga samari sanye da riga mai hoton wani nasu da ya rasu. Mutanen ƙauyukan kan hanya sukan kafa tebura a bakin titi, suna miƙa ruwa da lemo da burodi kyauta. Kafin gari ya waye ranar Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Yesu Almasihu, hanyar ta cika maƙil. Wanda ya taso daga Santa Fe zai taka kusan kilomita 45. Akwai masu tasowa daga Albuquerque, tafiyar kusan kilomita 145, su kwana biyu ko uku a hanya.

Duk wuri ɗaya suka nufa: wani ɗan coci na ginin ƙasa a ƙauyen Chimayo, a gindin duwatsun Sangre de Cristo, cikin jihar Niyu Mekziko ta Amurka. Mutum kusan 300,000 ne ke ziyartarsa a shekara, kuma dubun dubatarsu a Mako Mai Tsarki suke zuwa. Samun wurin ziyarar Katolika da ya kai shi farin jini a duk faɗin Amurka sai an tona.

Abin da suke nema yana wani ɗan ɗaki a gefen bagade, mai gajeriyar ƙofa, sai an sunkuya ake shiga. A tsakiyar daɓen akwai rami wanda faɗinsa bai wuce na tire ba. Da Sifaniyanci ana ce masa el pocito, wato 'yar rijiya, ko da yake ba ruwa a cikinsa. Ƙasa ce zalla, mai laushi, launin ƙasa-ƙasa. Mai ziyara zai durƙusa ya ɗiba ya zuba a leda ko ɗan gwangwani. Wani a nan take zai shafa a gwiwar da ke damunsa, wani zai kai wa mara lafiya a gida. A da har jiƙa ta ake yi a sha. Ɗakin da ke kusa cike yake da sandunan guragu da aka rataye, da hotunan marasa lafiya, da na sojoji, da 'yan takardun godiya.

To ga inda tambayar take. Rami mai faɗin tire ba zai ishi mutum 300,000 ba. Masu kula da wurin ne ke sake cika shi da ƙasar da ake ɗebowa daga tuddan da ke kusa, tan 25 zuwa 30 a shekara, firist ya sa mata albarka kafin a zuba. Ba a ɓoye ake yin wannan ba. Fada Casimiro Roca, ɗan yankin Kataloniya na Sifaniya wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana hidima a wurin har rasuwarsa a 2015, ya sha gaya wa baƙi cewa ƙasar ba ta warkarwa, Allah ne ke warkarwa. Cocin Katolika ma bai taɓa fitar da hukuncin cewa an tabbatar da wata mu'ujiza a Chimayo ba. Duk da haka layin bai ragu ba. Idan kowa ya san kawo ƙasar ake yi, kuma limamin wurin da bakinsa ya ce ba ita ke aiki ba, me ke sa mutum ya farfasa ƙafarsa a kan kwalta don ya ɗebi cikin tafin hannu? A ina tsarkin wuri yake zaune: a cikin ƙasa, ko a zuciyar mai zuwa?

Labarin da Sifaniyawan yankin ke bayarwa ya fara ne da Bernardo Abeyta, wani mai faɗa a ji a ƙauyen kuma jigo a ƙungiyar 'yan'uwa masu tuba da ake kira Penitentes. An ce a daren Juma'ar gicciye ta 1810 ya hangi haske yana fitowa daga ƙasa kusa da rafin Santa Cruz. Ya je ya tona da hannu, sai ga gicciye. Aka kira firist na garin Santa Cruz, Sebastian Alvarez, aka ɗauki gicciyen da jerin gwano aka kai shi babban cocin garin. Washegari babu shi, ya koma raminsa. Aka sake kaiwa, ya sake komawa. A karo na uku mutane suka fahimci cewa a nan yake son zama. Wannan hikaya ce, amma akwai takarda a bayanta: a 1813 Alvarez ya rubuta wa hukumomin coci a Durango yana nema wa Abeyta izinin gini, kuma aka kammala cocin a 1816.

Sunan gicciyen Ubangijinmu na Esquipulas, kuma wannan suna ya yi doguwar tafiya. Esquipulas gari ne a gabashin Gwatemala, a ƙasar mutanen Maya, inda ake girmama wani baƙin gicciye da masassaƙi Quirio Catano ya sassaƙa a wajen 1595. A can ma masu ziyara sukan sayi ƙananan curin farar ƙasa da aka buga wa hoton addini, su ci don neman lafiya. Ke nan ibadar da ta iso Chimayo ta hanyoyin fatake daga kudu ta zo da ƙasarta a hannu, ta kuma tarar da wata ƙasar tana jiranta.

Domin kwarin yana da masu shi tun kafin doki na farko ya taka shi. Sunan Chimayo kansa daga yaren Tewa ya fito, daga Tsi-Mayo, sunan tudun da ke kallon ƙauyen. Tewa ɗaya ne daga yarukan al'ummomin da Sifaniyawa suka laƙaba wa suna Pueblo, wato mazauna gari, saboda sun same su cikin gidajen ƙasa masu hawa-hawa suna noman masara da wake da kabewa. A labarin Tewa, a wannan kwari akwai wani tafki da ya samu lokacin da tagwayen jarumai suka kashe wani ƙaton dodo, wuta da hayaƙi suka ɓarke daga ƙasa. Tafkin ya ƙafe ya bar taɓo, kuma wannan taɓon magani ne. Tun kafin Abeyta ya ga haskensa, akwai masu zuwa nan su shafa ƙasa a jikinsu.

Masu rubuta takardun yawon buɗe ido suna son wannan labari ƙwarai. Sukan ce ga inda addinai biyu suka rungumi juna. Maganar tana da daɗin ji, amma ta tsallake abubuwa masu yawa, kuma wanda ya damu da wurin bai kamata ya bar ta ta wuce haka ba.

Juan de Onate ya iso da sojoji da limaman ɗariƙar Faransiskan a 1598, ya sauka a garin Ohkay Owingeh, tafiyar 'yan sa'o'i daga Chimayo. A farkon 1599 mutanensa suka afka wa garin Acoma, suka kashe ɗaruruwa, aka yanke hukuncin sare ƙafa ɗaya ga mazajen da suka haura shekara 25. Cocin San Esteban da ke kan dutsen Acoma, wanda masana gine-gine ke yabawa har yau, da aikin tilas aka gina shi, an ɗauko gumaguman rufinsa a kafaɗa daga dutsen da ke nesa da kilomita masu yawa. Limamai suka riƙa shiga kiva, ɗakin ibadar Pueblo da ake ginawa rabi a cikin ƙasa, suna ƙone kayan ibada. A 1675, cikin fari da yunwa, gwamna Juan Francisco Trevino ya kama shugabannin addinin Pueblo 47 da zargin maita. Aka rataye uku, aka yi wa sauran bulala a bainar jama'a. Cikin waɗanda suka sha bulalar akwai wani mutumin Ohkay Owingeh mai suna Po'pay.

Shekara biyar bayan haka tura ta kai bango. 'Yan gudu suka zaga garuruwa da igiyoyi masu ƙulli, kowace safiya a kwance ƙulli ɗaya, ranar da suka ƙare ita ce ranar. A 10 ga Agusta 1680 garuruwan suka tashi tare bisa jagorancin Po'pay. Aka kashe Sifaniyawa kusan 400, har da limamai 21, aka ƙone coci-coci, sauran suka gudu kudu zuwa El Paso. Shekara 12 ƙasar tana hannun masu ita. Da Diego de Vargas ya dawo a 1692, ya kuma ƙwace Santa Fe da ƙarfi a 1693, sai ya kafa sabon garin Santa Cruz a 1695 a kan gonakin mutanen Tano, wata al'ummar Pueblo da ya tasa. Da yawansu suka ƙaura yamma wajen mutanen Hopi, kuma jikokinsu suna can har yanzu da yarensu. Jikokin waɗanda aka zaunar a gonakin nan su ne suka gina cocin Chimayo.

Sai dai tawayen bai tafi a banza ba. Sifaniyawan da suka dawo sun dawo da hankali. Ba a maido da tsarin harajin da ya bautar da garuruwan ba, limamai kuma suka rage leƙe cikin kiva. Daga nan ne yanayin da ake gani yau a garuruwan Pueblo 19 na jihar ya samo tushe. Kowane gari yana da waliyyinsa da ranar bikinsa: Ohkay Owingeh 24 ga Yuni, Santo Domingo 4 ga Agusta, Acoma 2 ga Satumba, Taos 30 ga Satumba. Da safe a yi sujada a coci. Sannan a ɗauko siffar waliyyin a kai ta dandali, a ajiye a rumfar ganye, ɗaruruwan masu rawar masara su fito daga kiva da ganguna su yi ta yi har yamma a gabanta. Mutum ɗaya ne ya durƙusa a coci da safe kuma ya taka rawa da rana, bai ga ya saɓa wa kansa ba. An hana ɗaukar hoto, kuma baƙon da ya nemi a fassara masa ma'anar rawar ba zai sami amsa ba. Wannan shirun ba rashin karamci ba ne, domin a ranar ana kiran baƙi cikin gidaje a ciyar da su har su ƙoshi. Darasi ne da aka koya da bulala, cewa abin da aka nuna wa baƙo ana iya ƙwace shi.

A nan ne amsoshi biyu na tambayar ramin suke rabuwa.

Amsar malaman Katolika a fili take. Ƙasar Chimayo tana sahu ɗaya da ruwa mai albarka da tokar farkon azumi da ganyen dabino: abubuwa ne da ke taimaka wa mai bi ya juya zuciyarsa ga Allah, ba su da wani iko na kansu. A wannan fahimta ba matsala ko daga ina aka kawo ƙasar, muddin an yi mata addu'a. Amma Littafi Mai Tsarki kansa bai raina ƙasa ba. Linjilar Yohanna ta ba da labarin Yesu ya kwaɓa ƙasa ya shafa a idon makaho. Littafin Sarakuna ya ba da labarin Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, wanda bayan ya warke daga kuturta ya roƙi a ba shi ƙasar Isra'ila kayan alfadari biyu ya tafi da ita gida. Addinin da ya ce an yi mutum daga ƙasa ba zai yi mamakin mutum ya nemi taɓa ta a lokacin da ya rasa abin yi ba.

Amsar Pueblo daban ce, kuma labarin tafkin Blue Lake ya fi komai bayyana ta. A 1906 gwamnatin Theodore Roosevelt ta haɗe wannan tafki mai tsarki na mutanen Taos cikin gandun dajin gwamnati. Shekara 64 suna nema. Da hukumar sauraron ƙorafin filaye ta yarda an zalunce su, diyyar kuɗi ce kawai take iya bayarwa. Suka ce ba sa so. Tafkin ba shi da madadi, ba a sauya shi da wani tafki, ba a kimanta shi da dala. A Disamba 1970 shugaba Richard Nixon ya sa hannu aka maido musu da eka 48,000. Har yau sukan hau can a ƙarshen bazara don ibadarsu, ba a yarda baƙo ya bi su ba. A wannan fahimtar, wurin kansa ne mai tsarki, ko an yi masa addu'a ko ba a yi ba.

Wanda ya sake sauraron hikayar Abeyta da wannan a zuciya zai ji wani abu. Firist ya ɗauki gicciyen zuwa babban coci, inda hukuma take, inda ya dace a ajiye shi bisa tsari. Gicciyen ya ƙi. Sau uku yana komawa cikin ƙasar kwarin. Labarin Katolika ne, Sifaniyawa ne suka riƙe shi suka gadar wa 'ya'yansu, amma hukuncin da ya yanke na mutanen Tewa ne: wannan wurin, ba wani ba. Manoman da suka zauna a kwarin shekara ɗari suna shan ruwansa, suna auratayya da maƙwabtansu, suna karɓar maganin gargajiya a hannunsu, sun koyi ganin ƙasar da idon waɗanda suka riga su, ko sun sani ko ba su sani ba.

Su ma ɗin an gwada musu yadda raini yake. Amurka ta karɓe yankin a yaƙin 1846 zuwa 1848. Bishop Jean-Baptiste Lamy, Bafaranshe, ya iso a 1851, shi da magadansa ba su ga kyan gumakan katako na masassaƙan ƙauye ba, kuma suka matsa wa Penitentes saboda horon jiki da suke yi wa kansu a Mako Mai Tsarki. Alhali waɗannan 'yan'uwa su ne suka riƙe addu'a da jana'iza da kula da marayu a ƙauyukan da firist ke kaiwa sau ɗaya ko biyu a shekara. Sai suka koma yin ibadarsu a rufe cikin ɗakunansu da ake kira morada, kamar yadda maƙwabtansu suka koma cikin kiva. Sai a 1947 Akbishop Edwin Byrne ya amince da su a hukumance. Cocin Chimayo kansa ya zauna a hannun zuriyar Abeyta har 1929, lokacin da wasu masu kishin adana kayan tarihi, cikinsu da marubuciya Mary Austin da mai zanen gini John Gaw Meem, suka saye shi suka miƙa wa cocin Santa Fe.

Tattakin da ake gani yau kuwa yaƙin duniya na biyu ne ya ba shi girmansa. Sojoji kusan 1,800 na rundunar tsaron jihar, da yawansu 'ya'yan ƙauyukan Sifaniyawa da na Pueblo, suna Filifin lokacin da Japan ta ci yankin Bataan a Afrilu 1942. Aka kora fursunoni a ƙafa tafiyar kusan kilomita 100 cikin zafi, ba ruwa ba abinci, wanda ya faɗi a kashe shi. Bayan haka sansanoni da jiragen ruwan fursuna. Kusan rabinsu ba su dawo ba. Da yawa cikin waɗanda suka tsira sun yi alwashi tun suna can cewa in Allah ya mai da su gida za su taka zuwa Chimayo, kuma bayan yaƙin suka cika. Mutanen da aka tilasta wa tafiyar mutuwa suka zaɓi su sake tafiya da ƙafa, wannan karon da son ransu, zuwa inda suka ga dama.

Wanda suka roƙa a sansanonin shi ne Santo Nino de Atocha, wato Yesu yana yaro cikin shigar matafiyi, da hula da sanda da ɗan kwando da gora. Asalin labarinsa daga Sifaniya yake, inda aka ce wani yaro ne ke kai wa fursunoni abinci da ruwa, kuma ibadarsa ta bunƙasa a Plateros ta jihar Zacatecas a Mekziko. Yana da nasa ɗan cocin a Chimayo, taku kaɗan daga na Abeyta, wanda Severiano Medina ya gina a 1857 don cika alwashin da ya yi yana jinya. Mutane sun yi imani yaron yana fita da dare yana zaga masu bukata har takalmansa su ƙare, shi ya sa suke kawo masa sababbi. Takalman jarirai ne jere a kan kantoci, ɗaruruwa, wasu da suna a rubuce a tafinsu. Yankin ya daɗe yana fama da bala'in miyagun ƙwayoyi, yana cikin wuraren da suka fi yawan mutuwa ta wannan hanya a Amurka, kuma ba a bukatar wanda zai yi bayanin dalilin da ya sa hotunan samari suka yi yawa a bango.

Idan aka tsaya a gaban waɗannan takalma, zargin yaudara ba ya tsayuwa. Uwar da ta taka kilomita 45 ba gwajin sinadaran ƙasa ta zo yi ba. Ta yi alkawari ne, kuma alkawari yana bukatar inda za a sauke shi. Fada Roca ya yi gaskiya da ya ce ba ƙasar ke warkarwa ba, amma maganarsa ba ta ƙare zancen ba, domin da imani kaɗai ya wadatar da kowa ya yi addu'arsa a ɗaki ya huta da ƙafarsa. Mutane suna zuwa saboda a nan kakanninsu suka zo da nasu kukan, a nan sojojin Bataan suka sauke nasu alwashin, a nan kuma wasu suka shafa taɓo a jikinsu tun ba a san gicciye a nahiyar ba. Abin da bai kamata ba shi ne a ambaci na ƙarshen nan a matsayin ado a farkon labari, a manta yadda kwarin ya fita daga hannunsu.

Akwai alamar ana fara gyara wannan. A 1992 Akbishop Robert Sanchez ya ƙara wa tsohuwar siffar Maryamu ta Santa Fe, wadda aka fi sani da La Conquistadora, sunan Uwargijiyarmu ta Salama. A 2005 aka kafa mutum-mutumin Po'pay a majalisar dokokin Amurka da ke Washintan, yana riƙe da igiyarsa mai ƙulli, tabon bulala a bayansa, aikin masassaƙi Cliff Fragua na garin Jemez. A 2018, bayan zanga-zanga da doguwar tattaunawa tsakanin majalisar gwamnonin Pueblo da coci da hukumar birni da masu shirya biki, aka daina wasan kwaikwayon shigowar de Vargas da ake yi kowace shekara a dandalin Santa Fe, wanda ke nuna dawowar Sifaniyawa kamar ba a zubar da jini ba.

A Chimayo kuwa, da yammacin Juma'ar, masu ziyara kan zauna a bakin rafi bayan cocin su cire takalma su tsoma ƙafafun da suka kumbura. Ƙananan gicciyen da suka ɗaure da tsinke da zare a kan hanya suna maƙale a jikin shingen waya. A cikin ɗan ɗakin, ramin yakan yi ƙasa sau da yawa a wuni, ma'aikaci ya shigo da bokiti ya cika shi, na gaba a layi ya sunkuya ya shiga. Ƙasar da ke cikin bokitin daga tuddan kwarin aka ɗebo ta, a ƙarƙashin Tsi-Mayo.